Jarrabawa a Gaban Kyamara: Tambayoyi da Amsoshi Kan Fargabar Ɗalibai

Tun 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe jami'o'i, jarrabawa ta biyo ɗalibai har cikin ɗakunansu. An buɗe makarantu amma tsarin bai tafi ba. Masu yin digiri ta intanet, da masu neman gurbin karatu a waje da ke rubuta jarrabawar TOEFL ko GRE ko Duolingo daga gida, da masu neman shaidar ƙwarewa a aikin kwamfuta, duk suna zama a gaban kyamara ana kallonsu. Ga tambayoyin da suka fi yawo a bakin waɗannan ɗalibai.

Wace irin jarrabawa ce wannan, kuma me ya bambanta ta da ta JAMB?

A jarrabawar JAMB, wadda ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kai kake zuwa cibiya. Kwamfutar tasu ce, janareta nasu ne, mai sa ido yana zagayawa kana ganinsa, idan na'ura ta tsaya sai ka ɗaga hannu. A wannan kuwa ɗakinka ne zauren jarrabawa, kwamfutarka ce, datarka ce, kuma mai kallonka ba ka ganinsa.

Sa idon iri uku ne. Akwai wanda mutum ne yake kallonka kai tsaye ta kyamara, yana iya yi maka magana ko rubutu. Akwai wanda ake naɗar hotonka da muryarka da allon kwamfutarka, daga baya wani ya duba. Sai kuma wanda manhaja ce take bibiyarka, tana ɗora alama a duk inda ta ga abin da bai yi mata ba. Sunayen manhajoji da kamfanonin sa ido da za ka fi cin karo da su su ne Proctorio, ProctorU, Honorlock, Respondus da ExamSoft. Kafin komai, tambayi makarantarku wane iri ne naku, domin rabin zullumin daga rashin sanin wannan yake fitowa.

Na yi karatu sosai, amma da kyamara ta kunna sai komai ya gudu daga kaina. Me ke damuna?

Ba abin da ya lalace a kanka. Idan jiki ya ji barazana yakan saki sinadaran da ke shirya shi don gudu ko faɗa: zuciya ta riƙa bugawa da sauri, tafin hannu ya jiƙe, baki ya bushe, ciki ya murɗa. A lokaci guda kuma, wurin da ƙwaƙwalwa take riƙe abin da take aiki a kai ɗan ƙarami ne. Idan tunanin "yanzu za su ce na yi satar amsa" ya cika shi, lissafin da ka iya jiya ba ya samun wurin zama. Karatun yana nan, hanyar zuwa wurinsa ce ta cunkushe.

Abin da ya sa wannan tsari ya fi na aji nauyi shi ne jarrabawa biyu kake yi a zama ɗaya. Ta farko amsa tambayoyi. Ta biyu gadin jikinka: kada ido ya kauce, kada kai ya sunkuya da yawa, kada wani ya yi tari a tsakar gida. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wanda aka buga a 2019, ya gano cewa ɗalibai masu yawan fargabar jarrabawa makinsu yana raguwa, kuma abin ya fi tsanani idan ta kyamara aka sa musu ido. Abin da za ka yi idan haka ta same ka kana tsakiyar rubutu yana cikin amsar da ke magana kan tsoron da ke kama mutum ana cikin jarrabawa.

Ai an ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Idan ba na satar amsa, me zai sa in ji tsoro?

Wannan magana takan fito daga bakin malamai da iyaye, kuma a nan ba ta hau ba. Mai gaskiya ma yana da dalilin tsoro, domin an sha tuhumar masu gaskiya. A watan Oktoba 2020, kusan mutum 9,000 suka rubuta jarrabawar zama lauya ta jihar Kalifoniya daga gida, manhajar ta ɗora wa sama da 3,000 alamar tuhuma. Mutum ɗaya cikin kowane uku ke nan. Da aka bincika, mafi yawansu an wanke su. Duk wanda ya ji wannan labari ya ji gabansa ya faɗi, hankalinsa ne yake aiki daidai. Abin da ya rage shi ne kada tsoron ya fi ƙarfin haɗarin, shi ya sa amsoshi biyu na gaba suke da muhimmanci.

Me manhajar take gani, me take ji?

Ya danganta da abin da malami ya kunna, amma galibi tana duba ko akwai fuska a gaban kyamara, ko fuskar ta ɓace, ko wata ta biyu ta shigo, ko kai ya juya gefe na tsawon lokaci, ko an ji murya ko ƙara. A ɓangaren kwamfuta kuma tana hana buɗe wani shafi, kwafo rubutu, ko haɗa allo na biyu. Ba ta san abin da ke zuciyarka ba, ba ta kuma iya rarrabe wanda ya leƙa takarda da wanda ya kalli ƙadangare a bango. Motsi take ƙirgawa.

Idan ta ɗora min alamar tuhuma, na faɗi ke nan?

A'a. Alamar tana nufin "a duba minti kaza na wannan bidiyo", ba hukunci ba ce. Kamfanonin da kansu suna cewa manhajarsu ba ta yanke cewa wane ya yi maguɗi, makaranta ce take yankewa. A 2021 kamfanin ProctorU ya sanar da daina sayar da tsarin da manhaja kaɗai ke sa ido ba tare da mutum ya duba ba, bayan ya lura cewa malamai da yawa ba sa ma buɗe bidiyon da aka yi wa alama. Wannan ya nuna abu biyu: alamomin suna da yawa har sun gundiri masu dubawa, kuma alama ba tare da idon ɗan Adam ba ba hujja ba ce.

Ka tambayi malaminka kai tsaye: wa yake duba bidiyon, kuma me ake yi kafin a kira ɗalibi? Ɗalibai da yawa suna jin nauyin wannan tambaya, suna ganin kamar za ta jawo musu zargi. Malamin kirki ba zai ɗauke ta haka ba.

Na saba kallon sama ko motsa baki idan ina tunani. In daina?

Kada ka ɓata ƙarfinka wajen zama kamar gunki, domin wannan ƙoƙarin shi kansa yana cin hankalin da ya kamata ya tafi ga tambaya. Kallon sama na ɗan lokaci ba ya kayar da kowa. Abin da ya fi jawo magana shi ne yawan kallon wuri guda a gefe ko ƙasan tebur, da karanta tambaya a bayyane, wanda wasu jarrabawowin suka haramta ƙarara don gudun a naɗi tambayoyin. Mu da muka taso da karatun allo da hadda, karatu da murya ya zame mana jiki, saboda haka ka gwada karatun zuci tun kana bita.

Idan kana da larurar da ke sa ido ko wuya ko hannu motsi ba da sonka ba, ko matsalar gani da ke sa ka matso da fuska kusa da allo, ka rubuta wa makaranta tun kafin ranar, ka haɗa da takardar asibiti. Makarantu da yawa suna ba da ƙarin lokaci ko wani tsarin daban, amma sai an nema da wuri.

Kyamara tana ta cewa ba ta ga fuskata ba. Laifin kwamfutata ne?

Wani lokaci kwamfutar ce, wani lokaci haske ne, wani lokaci kuma manhajar ce ba ta iya ganin baƙar fata da kyau, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin tantance fuska na manyan kamfanoni, suka ga kuskurensu a kan maza farare bai kai kashi 1 cikin 100 ba, amma a kan mata baƙaƙe ya kai kusan kashi 35. Ba manhajojin jarrabawa suka gwada ba, amma ciwon iri ɗaya ne: na'urar da aka horar da hotunan farare ta fi gane farare.

A ƙasar Holan, wata ɗaliba baƙar fata a Jami'ar Vrije da ke Amsterdam ta ce sai da ta riƙa haska fitila a fuskarta kafin manhaja ta yarda akwai mutum a wurin. Ka auna yadda za ka yi lissafi da fitila a cikin idonka, lokaci yana tafiya, abokan karatunka sun riga sun fara. Ta kai ƙara hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasar a 2022. A ƙarshe hukumar ba ta tabbatar da cewa manhajar ta nuna mata wariya ba, amma ta kama jami'ar da laifi kan yadda ta karɓi kokenta.

Abin yi: haske ya zo daga gabanka, kada taga ko ƙwan lantarki su kasance a bayanka. Bango mai sauƙin launi ya fi. Ka gwada a daidai lokacin da za a yi jarrabawar, domin hasken ƙarfe goma na safe daban yake da na bayan magariba. Idan duk da haka ta ƙi, ɗauki hoton saƙon da ta nuna kafin a fara, ka aika wa makaranta. Matsalarsu ce su warware, ba taka ba.

Ina sa hijabi. Za a ce in cire?

Galibi ba a hana lulluɓin addini, amma wasu jarrabawowin, irin su TOEFL ta gida, suna so kunnuwa su kasance a bayyane don a tabbatar babu na'urar sauraro. Mai niƙabi kuma za a buƙaci ta nuna fuska don a haɗa da katin shaida, wasu tsare-tsaren ma fuskar a buɗe suke so har a gama. Ki karanta ƙa'idar kafin ki biya kuɗi, ki rubuta musu ki tambaya ko za a iya haɗa ki da mace mai sa ido, ki ajiye amsarsu a rubuce. Idan sharaɗin bai kwanta miki ba, duba ko jarrabawar tana da cibiyar da ake zuwa a zauna. Abin da ba a so shi ne ki fara jin wannan magana saura minti biyar a fara, daga bakin baƙon namiji.

Dole ne in nuna musu ɗakina? Gidanmu akwai jama'a, kuma ba ni da ɗakin kaina.

Yawancin tsare-tsaren suna sa ka ɗaga kwamfuta ka zagaya da ita: tebur, ƙarƙashin tebur, bango huɗu, ƙofa. Ga wanda yake da ɗakin karatu wannan ba komai ba ne. Ga wanda yake kwana da ƙannensa uku, katifa jingine da bango, kaya rataye a ƙusa, buhun masara a lungu, abin yana da ciwo, kuma ɗalibai da yawa sun fi jin kunyar wannan minti ɗaya fiye da tsoron tambayoyin. Babu abin kunya a ɗakin da Allah ya hore maka. Mai dubawa takarda da waya da mutum na biyu yake nema.

An kai wannan batu kotu a Amurka. A watan Agusta 2022 wani alƙalin tarayya a jihar Ohayo ya yanke cewa Jami'ar Jihar Cleveland ta keta haƙƙin wani ɗalibi da ta sa shi nuna ɗakin kwanansa. Hukuncin bai zama doka ga kowa ba, kuma bai ɗaure makarantun da ke wajen Amurka ba, amma ya nuna cewa ƙyamar da kake ji ba ƙiriniya ba ce.

Mutanen gida kuma sai an yi musu bayani dalla-dalla, ba a ce kawai "ina da jarrabawa" ba. Faɗa wa Umma cewa idan aka turo yaro ya leƙo ya ce "Yaya, ana kira", hakan kaɗai yana iya sa a dakatar da jarrabawar da aka biya da dala. Sanya wani babba ya tsare ƙofa. Ƙarar da ba ka da iko da ita, kamar kiran salla, injin markaɗe ko janaretan maƙwabta, ka ambata wa mai sa ido tun farko. Idan gidan ba zai yiwu ba sam, nemi aron ofishin wani ɗan uwa bayan an tashi aiki, amma tabbatar ƙa'ida ta yarda, domin wasu jarrabawowin sun hana shagon intanet da duk wurin da jama'a ke shiga.

Idan aka ɗauke wuta ko netwok ya yanke fa?

Wannan ita ce fargabar da ta fi kowace cin ranmu a nan, kuma ita ce aka fi iya yi wa tanadi. Cika cajin kwamfuta, ka san awa nawa batirinta yake kai wa da kyamara a kunne, don ya fi saurin ƙarewa. Na'urar intanet ɗinka ta kasance a kan batiri ko sola, ba a kan wutar NEPA ba. Tanadi layi biyu na kamfanoni daban, kowanne da data fiye da yadda kake zato, domin bidiyo na awa biyu ko uku yana sha. Idan da waya za ka raba intanet, tambaya tukuna, saboda yawanci ba a yarda waya ta kasance kusa da hannu ba.

Ka san ƙa'idar yankewa tun kafin ranar: minti nawa ake jira, ko agogo yana tsayawa, wa ake tuntuɓa. Idan ta faru, rubuta lokacin daidai, ka koma da zarar ya dawo, ka aika saƙo a ranar, ba washegari ba. Sannan ka lura da bambancin agogo, idan da lokacin wata ƙasa aka saka jarrabawar. Tsakanin Najeriya ko Nijar da birnin New York awa 5 ne daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 6 a sauran watanni, Ghana kuma tana bayan Najeriya da awa 1. Akwai masu rasa jarrabawa saboda wannan kaɗai.

Zan iya tashi in kama ruwa ko in yi salla?

A mafi yawansu barin gaban kyamara ba tare da izini ba yana iya soke jarrabawar. A watan Agusta 2020, wasu masu rubuta jarrabawar zama lauya a Ingila sun ba da labarin yadda suka yi fitsari a kwalba da bokiti a gaban kwamfuta don tsoron tashi, abin da ya jawo wa hukumar jarrabawar suka mai yawa. Duba ko akwai hutu a tsakiya. Idan kai ne kake zaɓar lokaci, zaɓi wanda ba zai ci lokacin salla ba, kuma a watan azumi safiya ta fi yamma. Mai juna biyu, mai shayarwa, mai ciwon suga ko sikila su nemi izinin hutu a rubuce, kamar yadda aka faɗa a amsar masu larura.

Me zan yi a daren jarrabawa da safiyarta?

Barci. Kwana karatu yana rage abin da za ka iya tunawa, kuma rashin barci yana ƙara bugun zuciya. Kofi mai yawa, goro da lemon ƙarin kuzari suna kawo rawar hannu da fitsari, abubuwa biyun da ba ka so. Kada ka karɓi ƙwaya daga aboki wai don ta kwantar da hankali ko ta buɗe kai.

Gwajin manhaja ba na daren ba ne, na kwana uku kafin nan ne, a kan kujerar da za ka zauna, da katin shaidar da za ka nuna. Ka fita daga shafin makaranta a wayarka da duk wata na'ura, dalilin yana cikin amsar tuhuma a ƙasa. Akwai kuma wata dabara mai sauƙi: a 2011 masu bincike a Jami'ar Chicago sun nuna cewa ɗalibai masu fargaba da suka zauna minti 10 kafin jarrabawa suka rubuta abin da ke damunsu sun fi samun maki. Ba kowa take wa aiki ba, amma ba ta cin kuɗi. Ka dai fitar da takardar daga ɗakin kafin a fara. Addu'ar da ka saba yi ma ka yi ta kafin kyamara ta kunna, don kada a ɗauki motsin baki da wata manufa.

Tsoro ya kama ni ana cikin jarrabawa, numfashina yana sama-sama. Yaya zan yi ba tare da na tashi ba?

Bar idonka a kan allo, ɗora tafin hannu biyu a kan tebur, ka taka ƙasa da ƙafafunka sosai. Shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar a hankali kana ƙirga shida ko fiye. Fitarwar ce take saukar da bugun zuciya. Yi haka sau biyar ko shida. Minti ɗaya ka kashe, kuma ya fi minti goma na kallon tambaya ba ka fahimta. Irin wannan tashin hankali yakan kai ƙololuwa cikin 'yan mintuna sannan ya fara sauka da kansa. Tsallake tambayar da ta tayar da shi idan tsarin ya yarda, ka nemi wadda ka sani ka amsa. Idan mutum ne yake sa ido, rubuta masa cewa ba ka jin daɗi, kana buƙatar minti ɗaya a wurin zamanka.

An aiko min da takardar tuhuma, kuma ban yi komai ba. Ta ina zan fara?

Kada ka amsa cikin fushi, kada kuma ka amsa laifin da ba ka yi ba don a yi maka sassauci. Nemi a gaya maka a rubuce abin da ake zarginka da shi da mintin da ya faru, ka nemi ganin bidiyon ko bayanan. Rubuta naka bayanin tun abin yana sabo a kanka. Karanta dokar makaranta kan maguɗi, ka kula da wa'adin ɗaukaka ƙara, ka tafi da wakilin ƙungiyar ɗalibai ko malamin da ya san ka idan an yarda.

A 2021 makarantar likitanci ta Dartmouth a Amurka ta tuhumi ɗalibai 17 da leƙa darasi lokacin jarrabawa, bisa bayanan Canvas, shafin da makarantar ke ɗora darussa a kai. Daga baya ya bayyana cewa waya ko kwamfutar da aka bari a buɗe a shafin tana iya nuna motsi ko ba wanda ya taɓa ta. A watan Yuni makarantar ta janye tuhumar duka, shugabanta ya ba da haƙuri. Wasu daga cikin ɗaliban sun ce an matsa musu su amsa laifi. Ka kuma faɗa wa wani a gida tun ranar farko, domin ɗaukar irin wannan kai kaɗai yana hana barci da cin abinci.

Ina hotona da bidiyon ɗakina suke zuwa?

Suna zama a rumbun kamfanin na tsawon lokacin da makaranta ta amince, kuma kana da damar tambayar tsawonsa da waɗanda ke iya gani. A 2021 hukumar kare bayanai ta Italiya ta ci tarar Jami'ar Bocconi Yuro 200,000 kan yadda ta yi amfani da irin wannan manhaja. Najeriya ma tana da dokar kare bayanai ta 2023. Bayan jarrabawa cire manhajar daga kwamfutarka, ka rufe kyamara.

Yaushe damuwar ta wuce ta jarrabawa, ta zama ta ganin likita?

Idan an gama jarrabawa amma ita ba ta tafi ba. Makonni kana kasa barci, abinci ba ya shiga, ƙirji yana ɗaurewa ko ba dalili, kana ɗage jarrabawa kana sake ɗagewa, ko ka fara shan wani abu don ka iya zama. Wannan larura ce da ake magancewa, da zaman tattaunawa da ƙwararre, wani lokaci da magani. Fara da asibitin makarantarku ko sashen ba da shawara. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, asibitocin koyarwa ma suna da wannan sashe, kuma zuwa can ba ya nufin hauka. Idan tunanin cutar da kanka ya zo maka, kada ka jira gobe, faɗa wa wani na kusa yanzu, a kai ka asibiti.

Ni malami ne. Me zan yi don rage wa ɗalibaina wannan nauyi?

Ba su jarrabawar gwaji marar maki da manhajar nan ɗin dai. Faɗa musu da bakinka abin da ka kunna da wanda ka kashe, kuma cewa kai ne za ka duba kowace alama kafin a kira kowa. Kashe abin da ba ka buƙata, musamman zagaya ɗaki da bibiyar ido. Jami'ar Illinois da ke Urbana-Champaign ta daina amfani da Proctorio a 2021 bayan koke-koke kan sirri da wahalar da masu larura ke sha, saboda haka akwai wasu hanyoyin: tambayoyin da ake yarda a buɗe littafi, ƙananan gwaje-gwaje da yawa maimakon babba guda, ko ganawa ta baki ta minti goma. Ka buɗe ƙofa ga wanda ba shi da ɗaki ko wuta ya zo makaranta ya rubuta. Kuma ka ba su lambar wayar da mutum zai ɗauka a lokacin jarrabawar, ba adireshin imel da za a duba ranar Litinin ba.